Ƙwaya Bakwai Daga Kuɓewar Inna

Beltsville, Maryland
Laraba, bayan La'asar

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun ɗazu nake jin ƙarar salatif ɗin da kike ɗaure kwalaye da shi. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da sanyin zuciya. Allah Ya kai ki sabon gidanki lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki bayan kin sauka.

Na san za ki ce mutum yana gida ɗaya da 'yarsa, me ya kawo wasiƙa? Abin da ya kawo ta shi ne yau mako shida ke nan ba abin da ke shiga tsakaninmu sai "ina kwana" da "lafiya lau". Kuma na san halina. In na buɗe baki da niyyar nasiha, da faɗa zan rufe shi. Da gangan na rubuta da Hausa. Za ki karanta a hankali kina motsa leɓe, to haka nake so. Da Turanci ne, da kafin in juya baya kin gama, kin shirya mini amsa uku.

A cikin ambulan ɗin nan akwai ƙullin tsumma. Irin kuɓewar Inna ne, kakarki wadda kika ci sunanta. Kin san goma sha tara ne a gwangwani, don ke kika ƙirga su a lokacin kaka. Yanzu bakwai ne. Babu wasu a ko'ina a duniya. Na kira gwaggonki a gida na tambaya, ta ce tun da aka yi gini a bayan ɗakin Inna ba wanda ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Zan gaya miki inda sha biyun suka tafi, amma ki bar ni in iso wurin a hankali. In na fara da shi, ba za ki karanta sauran ba.

Kina shekara tara Inna ta zo mana nan, zuwanta na farko kuma na ƙarshe. Washegarin saukarta ta leƙo bayan gida ta tarar ina tura injin yankan ciyawa, gumi yana zuba. Ta dube ni, ta dubi ciyawar, ta ce, "Sani, ina dabbobin?"

Na ce, "Inna, babu dabbobi."

Ta ce, "To wa kake yi wa noman ciyawa?"

Ana gobe za ta koma, ta kira ni ta kwance gefen mayafinta, ta zuba mini iri cikin tafin hannu. Ta ce ta uwarta ce, gajerar nan mai jan baki, wadda ɗan kaɗan ke ba tukunya yauƙi. Ta ce, "Ka shuka ta in ƙasa ta karɓa." Na ce to, na zuba a gwangwanin madara, ban tambaye ta me take nufi ba. A ganina na sani.

Da sanyi ya fara ja da baya, wajen ƙarshen Maris, aka yi mako guda na ɗumi, sannan aka sheƙa ruwa da tsawa. Na fito na shaƙi ƙamshin ƙasa, jikina duka ya ce mini ruwan shuka ne. A garinmu in irin wannan ruwa ya sauka, ba mai kwana da iri a rumbu. Ga ni ɗan manomi, ga ni kuma mai gabatar da shirin noma a rediyo, kullum in hau jirgin ƙasa zuwa Southwest Washington in zauna gaban makirfo ina gaya wa manoman Kano da Maraɗi lokacin da ya dace su yi shuka. Wa zai koya mini? Na ɗauki fartanya na zuba kashi biyu cikin uku na irin a ƙasa.

Maƙwabciyarmu Misis Helen ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Mista Sani, ya yi wuri. Kuɓewa sai tsakiyar Mayu." Na yi mata murmushi na gode. A zuciyata na ce, tsohuwar da ke shuka furanni ita ce za ta nuna mini noma. Bayan kwana goma sanyi ya dawo. Waɗanda suka tsiro na tarar da su da safe sun yi baƙi sun kwanta, raɓa ta daskare a kansu. Sauran na tona da yatsa na same su sun ruɓe. Ban gaya wa Inna ba. Duk kiran da na yi sai ta ce, "Ya kuɓewa?" in ce, "Tana nan." Ta rasu kafin ragowar da na sake shukawa ta yi fure, kuma har yau wannan "tana nan" yana ci mini rai.

Don haka, Uwata, a ƙasar nan ba ruwa ke ba da izinin shuka ba. Ki bar sama ta yi ta tsawarta. Ko kin ga kantuna sun jera dashe a bakin ƙofa, ko kin ga itatuwa sun yi fure fal, kada ya ruɗe ki. Ki fita da safe ki cire takalmi ki tsaya a kan ƙasar. In sanyi ya kore ki kafin ki gama karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ƙafa uku, to zai kashe kuɓewa. Ki jira tsakiyar Mayu. Kuma in wata tsohuwa ta leƙo ta kan shinge ta yi miki magana, ki saurare ta, ta riga ki sanin wannan ƙasar.

Daga yanzu zuwa lokacin, aikinki shiri ne kawai. Ranar da ba ki da aiki a asibiti, ki zauna ki kalli bayan gidan tun daga hantsi har La'asar, ki ga inda rana ta fi daɗewa. Ki ɗaga kai ki dubi itatuwa kuma. Yanzu rassa ne tsirara, amma nan da mako uku za su cika da ganye su rufe miki rana. Mamanki ta ce gidan yana gangare wajen kogi. Ƙasar wannan gefen na Fort Washington, unguwar da za ki koma, na iya riƙe ruwa, saboda haka ki ɗaga fangalin sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, kada saiwa ta zauna cikin laka.

In kin zo shara, kada ki kunna wuta. Na san kina dariya, ko kuma ba kya yi, don ranar ba ki yi ba. Kina shekara sha uku. Na tara busassun karan kuɓewa da ganyen da iska ta zubo a tsakiyar lambu, na ƙyasta ashana, kamar yadda na ga mahaifina yana yi kowace shekara kafin damina. A wurinmu toka taki ce, hayaƙi kuwa shaida ce cewa mai gona ba malalaci ba ne. Ban gama gyara tsayuwa ba na ji jiniya. Motar 'yan kwana-kwana biyu, Uwata, a kan karan kuɓewa! Daidai lokacin motar makarantarku ta tsaya a bakin layi, yara suka manna fuska a gilashi suna kallon babanki da zanen mamanki a hannu yana dukan wuta, wani ƙato da hular ƙarfe yana yi masa bayani kamar ƙaramin yaro.

Kika shigo gida kina kuka, kika ce da Turanci, "Baba, me ya sa ba ka taɓa tambayar kowa?" Ni kuwa, maimakon in ba ki haƙuri, na daka miki tsawa na ce ba a yi wa uba irin wannan magana. Kunya ce ta kama ni, na sauke ta a kanki don ke ce mafi kusa. Na daɗe da sanin haka, yau ne dai na faɗa. Ganyen da kika share ki tara shi a lungu ki yayyafa masa ruwa, ki riƙa juya shi, da kansa zai zama taki. Kuma duk abin da za ki yi wanda maƙwabta za su gani ko su shaƙa, ki fara tambaya.

Maganar shaƙa ta tuna mini da taki. Shekarar da na je gonar da muke yanka ragon layya na ciko bayan mota da ɗanyen kashin tumaki, kin tuna mamanki ta yi wata guda ba ta shiga motar ba. Na zuba shi a ƙasa jiƙaƙƙiya na bi da shebur na juya, ina jin kaina gwani. Jar ƙasar nan ta Maryland ba jigawar garinmu ba ce. In ka taɓa ta da danshi sai ta dunƙule, in ta bushe ta zama bulo. Dashen da bai mutu da ƙunar taki ba ya kasa huda ta. To ki damƙi ƙasa a hannu ki matse. In ta tsaya curi guda tana sheƙi, ki mayar da shebur ki shiga ɗaki ki sha shayi. In ta wargaje da kin taɓa ta da yatsa, ki haƙa. Taki kuwa sai wanda ya shekara, wanda ba ya wari.

Bayan wannan shekarar ce kika karɓe lambun daga hannuna ba tare da kin ce kin karɓa ba. Ni ina ba baƙi labari, ke kina cire ciyawa. Ni ina cewa "kuɓewata", ke kina ɗaura jan zare a kan gindi uku mafi kyau, waɗanda ba a tsinka, a bar 'ya'yansu su ƙosa su bushe don iri. Shekara da shekaru irin Inna bai yanke ba, kuma ba hannuna ne ya riƙe shi ba.

Sai bara waccan. Wani babban baƙo ya zo daga gida, tsohon malamina, muka zaga da shi bayan gida a watan Satumba. Ya ga kuɓewa ya riƙe baki ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro. Kin san yadda aka rene mu: baƙo ba ya yaba abu ya tafi hannu sake. Na tsinke ta marasa zare duka, na ga ledar ba ta cika ba, na dubi masu jan zare. Na san me zaren yake nufi. Na ce a raina za su sake yi. Na tsinke su tas. Suka sake yi kuwa, amma sanyi ya riga su, ba ɗaya da ya ƙosa. Da kika dawo daga aiki kika tsaya a gaban gindin nan uku, sai kika kwance zaren kika naɗe a yatsa kika wuce. Da kin yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bara kuma barewa. Tun Afrilu kika ce a kewaye lambun da raga mai tsawo, na ce shekara nawa muna nan ba raga. Gaskiyar ita ce don ke kika faɗa shi ya sa na ƙi. Muka tashi wata safiya a Yuli muka tarar da sanduna tsaye, ko ganye ɗaya babu. Shi ya sa sha taran da suka rage tsofaffi ne, shekararsu ta uku ke nan a gwangwani, kuma irin kuɓewa ba ya son daɗewa. Saboda haka ki kafa raga kafin ki shuka, wadda ta fi ki tsawo, ki binne gindinta don dabbobi masu tono. Abin da kika ɗaura wa zare kuwa, ko wa ya yaba, ki ce masa na gode, ki ba shi ruwan sanyi.

To, na iso wurin.

Ranar da kika zauna a gabana kika ce kin sami gida kusa da wurin aikinki, kin gaji da tuƙin awa guda da safe awa guda da yamma, ban ji gajiyarki ba. Abin da na ji shi ne bakin mutane a masallaci ranar Juma'a: 'yar Malam Sani ta kama gida ita kaɗai, ba aure. Na faɗi abin da na faɗa. Kika jira na gama, kika ce ba ki son komai daga gidan nan sai gwangwanin Inna, don gidan yana da fili a baya. Na miƙe na ɗauke shi daga kan taga na sa a aljihu, na ce wallahi in kin fita ko tsinke ba za ki ɗauka ba. Na ga fuskarki lokacin. Mamanki ta ce, "Malam, ka yi rantsuwa fa." Na ce na sani.

Makon farko na watan nan aka yi ɗumin nan, kin tuna, har mutane suka fito da gajeren wando. Ranar Talata da rana aka yi ruwa da tsawa, kina wurin aiki. Na tsaya a ƙofar baya, ƙamshin ƙasa ya bugo ni. Uwata, na san watan, na san tsakiyar Mayu da saura. Na san abin da Misis Helen ta faɗa mini shekara goma sha bakwai da suka wuce, na san duk abin da na rubuta miki a sama tun kafin in rubuta shi. Amma zuciya ta ce mini, ka shuka yanzu, ranar da za ta fita ta wuce ta gaban kuɓewa tsaye, ta san lambun nan ba da ita aka fara shi ba. Na fita cikin yayyafi na shuka sha biyu a bayan ɗakin ajiya, inda ba a hangowa daga tagarki. Hannuna ya kai kan sauran bakwai ɗin, aka kira ni a waya daga ofis, shi ne kawai ya cece su.

Huɗu suka tsiro. Kullum in zaga in duba su kamar ɓarawo. Ranar Alhamis da ta wuce na dawo daga sallar Asuba na ga gilashin mota ya yi fari da daskararriyar raɓa. Ban shiga gida ba, na zaga baya da gudu. Sun yi baƙi sun kwanta. Na durƙusa na tona sauran takwas ɗin, suka narke mini a yatsa. Ina nan durƙushe na ji kin tada mota za ki aiki, na ɓuya a bayan ɗakin ajiya har kika fita. Mutum mai furfura, yana ɓuya wa 'yarsa da laka a gwiwa. Na yi kuka a wurin, kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna, don wannan karon ba rashin sani ba ne. Haushinki na huce a kan irin uwata.

Ba na neman ki ce ba komai, don da komai. Abin da nake so ki ɗauka shi ne wannan: ranar da ranki yake ɓace, kada ki taɓa iri, kada ki yi rantsuwa, kada ki yanke wata magana. Jinina ne a jikinki, na ga yadda kike ɗaure kwalayen nan.

Shinkafar da kika ga mamanki tana zubawa a robobi goma ranar Litinin, kika tambaya ta ce sadaka ce, kaffarar rantsuwata ce. Na ɗauka na shiga jirgi da ita, na raba wa mutanen da ke kwana a bakin titi kusa da ofishinmu. Rantsuwar ta warware. Ki ɗauki abin da kike so a gidan nan. Fartanyar da na zo da ita daga gida na wasa ta, tana jingine a bayan ƙofar gareji. Maganar mutanen masallaci kuwa, har yanzu tana damuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni zan ji da ita, ba ke ba.

Ga yadda za ki yi da bakwai ɗin. Ki ajiye su a wuri mai sanyi marar danshi har lokaci ya yi. Ana gobe shuka ki jiƙa huɗu a ruwa mai ɗumi su kwana. Huɗu kawai. Ki sa kowace a raminta, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, tsakaninsu kamu guda. Ukun ki riƙe su kwana goma, in na farko ba su fito ba kina da abin komawa. Tsofaffi ne, wataƙila biyu su tsiro, wataƙila ɗaya. Wataƙila babu, kuma in haka ta faru ba laifinki ba ne, kin san na wanda yake. In ɗaya ta tsaya, bana ba miya. Ki ɗaura mata zare tun tana ƙarama, ki bar 'ya'yanta su bushe a jikinta har ki ji suna ƙara in kin girgiza. Ko ni na zo na tsaya ina yabawa, ki hana ni.

Mamanki ta ce in raba, in ba ki huɗu in riƙe uku. Na ƙi. Ban bar ko ɗaya ba. An ce za a yi ruwa da tsawa mako mai zuwa, kuma na san mutumin da zai tsaya a ƙofar baya yana shaƙar ƙasa.

Zan tura takardar nan ta ƙarƙashin ƙofarki in na ji kin shiga wanka. Ranar Asabar, in kin yarda, ni zan ɗauki manyan kwalayen, bayana bai mutu ba tukuna. In kuma na shiga ɗakinki bayan kin tafi na tarar da ƙullin a kan tebur, zan gane, ba zan ce uffan ba. Amma ina roƙonki, Uwata, ni da ban saba roƙonki ba: kada ki bar shi. Fushinki da ni daidai ne, ki tafi da shi in kina so, ki daɗe da shi. Ita dai Inna ba ta yi miki komai ba.

Allah Ya sa ki shiga gidan nan da ƙafar dama. Allah Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na dare da na hanya, Ya tsare miki lambunki daga barewa da sanyi da gaggawa irin ta ubanki. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ƙasarki ta karɓa. Allah Ya yi miki albarka, albarkar da na riƙe a bakina mako shida, ga ta na sake ta duka.

Gwangwanin ban sa miki a ciki ba. Na wanke shi na mayar kan taga inda yake zama, a buɗe, babu komai a ciki. In kaka ta yi, kin san hanya.

Wassalam.

Babanki